Waldar tuƙi a siririn alminiyam: yadda nake yi a shagona na Bukuru

Duk wanda ya taɓa kama fallen alminiyam mai kaurin milimita 1 da waldar argon ya san takaicin abin. Kana ɗora wuta sai rami, ko fallen ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji. Abin da ya kai ni ga waldar da yaran shagona ke kira waldar tuƙi ke nan, don kamar tuƙin tuwo take: ƙarfe mai juyawa ya nutsa tsakanin falle biyu, gogayya ta sa su yi laushi, ya cuɗa su su zama ɗaya. Babu narkewa. Alminiyam sai ya kai digiri 660 yake narkewa, wannan kuwa ba ta kai can. A cibiyar binciken walda ta TWI da ke Ingila aka ƙirƙiro ta a 1991.

Muciyar, wato ƙarfen juyin, da ƙarfen H13, wani ƙarfe mai tauri da ke jure zafi, nake yin ta. Tana da kafaɗa, wato faffaɗan ƙasanta da ke goga saman fallen, da ɗan tsinke a ƙasa. Ga falle mai milimita 1, nakan yi kafaɗa mai faɗin milimita 6 zuwa 8, tsinken kuma ya ɗan gaza kaurin fallen, kamar 0.8. In ya yi tsawo zai ci farantin ƙarfen da aka shimfiɗa fallen a kai ya karye. In ya yi gajarta, saman zai yi kyau, ƙasan bai kama ba.

Saurin juyi fa? Siririn falle ba ya riƙe zafi, ballantana da sanyin Jos na Disamba, farantin ƙasa ya shanye shi nan take. Ƙaramar kafaɗa kuma ba ta kawo zafi sosai sai ta juya da gaske. Shi ya sa nake farawa daga juyi 8,000 a minti, tafiyar kuma wajen mita ɗaya a minti, ina gyarawa. Amfanin saurin shi ne ba sai ka danna da ƙarfi ba, fallen ba zai yage ba. Tsohon injin milin, wato na sassaƙa ƙarfe, ba ya kai wannan gudu, sai kan injin CNC mai sauri, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, kuma ka duba boris ɗinsa, don ba duka ke jure danni ba.

Amma gaskiya ɗauri ne aikin. Shimfiɗa faranti na ƙarfe mai santsi, ka goge bakin fallen biyu da burushin waya da asiton, ka haɗa su ba ko 'yar kafa. Sannan ka danne kowane gefe da doguwar sandar ƙarfe, kusa da layin iya yadda kafaɗar za ta wuce. Na taɓa barin wani yarona ya ɗaure da kilam, wato maƙalai, huɗu kawai a kusurwa. Muciya na shiga fallen ya ɗago, ya naɗe a jikinta. Ya ce, "Oga, injin ne." Ba injin ba ne.

Karkatar da muciyar baya kamar digiri 1 zuwa 2. Saukar da ita a hankali har kafaɗa ta taɓa, ta nutsa kamar milimita 0.05 zuwa 0.1, kada ta wuce. Tsaya daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ka tafi, kada ka tsaya a hanya.

In ka ga ɓawo yana tashi a gefen layin, zafi ya yi yawa ko ka nutsa da yawa, kuma wurin ya sirance. In ka ga tsagi ko rami yana bin layin, zafi bai isa ba: ƙara juyi ko rage tafiya.

Inda ka zare muciyar dole ta bar huda, don haka ka bar rarar falle a ƙarshe ka yanke. Daga rarar nan nake yanko ɗan guntu in lanƙwasa shi a bais, wato matsen ƙarfe, ƙasan waldar yana waje. In layi ya buɗe, sai in ƙara wa tsinken tsawo kaɗan in sake gwadawa kafin in taɓa kayan mai aiki.