Darasi na Bakwai: Dajin Shura da Gonar Abu Biyar

Duk wanda ya bi hanyar Bur Sudan zuwa Sawakin, ko ya gangara kudu wajen Tokar, ya ga wasu itatuwa kore shar tsaye cikin ruwan Bahar Maliya, a inda ko ciyawa ba ta fita. Mutanen gaɓar teku suna kiran wannan itace shura. Shi ne dajin da muke da shi a wannan gaɓa, kuma ba shi da yawa: ƙananan kurmi ne nan da can, galibi a bakin korama da cikin lungunan da igiyar ruwa ba ta da ƙarfi.

Shura tana shan ruwan gishiri, sannan ta fitar da gishirin ta ganyenta. Ku lashi ganye ɗaya, za ku ji. Ku kuma duba ƙasa a gindinta: akwai ɗaruruwan tsinkaye masu kama da fensir da suka ɓullo daga laka. Saiwoyi ne, da su itacen yake numfashi, domin lakar bakin teku ba ta da iska a cikinta. Idan aka tattake su, ko leda da baƙin mai suka rufe su, itacen yakan shaƙe ya mutu a tsaye, ko da ba wanda ya sa masa gatari.

A tsakanin waɗannan saiwoyi ne 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa suke ɓuya har su yi ƙarfi. Masuncin da ya ga kamu yana raguwa, ya fara duba kurmin da ke kusa da shi. Saiwoyin kuma suna riƙe laka da koramu ke kawowa, ba ta wuce ta binne murjanin cikin teku ba, suna kuma karya ƙarfin igiya kafin ta ci gaɓa. Yankin Dungunab da ke arewa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016 tare da Sanganib, yana da irin wannan daji.

Abin da ke kashe shura

Na farko raƙumi. Idan fari ya yi tsanani tudu ya bushe, shura kaɗai ce korayen ganye da suka rage, sai makiyaya su kora dabbobi cikinta. Raƙumi yana cin toho da fure da 'ya'ya, ƙafarsa kuma tana murƙushe saiwoyin numfashi da ƙananan tsiro. Shi ya sa za ku ga kurmi duk tsofaffin itatuwa, an aske su daidai inda wuyan raƙumi ke kaiwa, babu yaro ko ɗaya a ƙasa. Ba laifin makiyayi ba ne shi kaɗai, yunwar dabbarsa ce ta kai shi. Sai sara don itacen girki da gawayi. Sai kuma tare hanyar ruwa: titi ba kwalbati, ko fegin gishiri, ko madatsa a kan korama, duk suna hana ruwan daɗi da laka isa ga dajin, gishiri ya taru har ya fi ƙarfin itacen.

Tsaro kafin dashe

Mutane da yawa suna gaggawar dashe. Mu shawararmu, a fara da tsare abin da ke akwai, domin kurmin da aka bari ya huta yakan zubar da 'ya'ya ya cike kansa ba da kuɗin kowa ba. A zauna da shehunan ƙabilar Beja masu ƙasar, da masu raƙuma, da masunta, da ma'aikacin hukumar gandun daji. A raba kurmin kashi uku, a rufe kashi ɗaya shekara 3 zuwa 5, har sabon tsiro ya wuce tsayin mutum. Shingen da ba a yi shi da yardar makiyaya ba, ba ya kwana. A sauran kashi biyun, maimakon a shigar da dabbobi, a yanko ganye a kai musu tudu. Kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen itace guda, kada a taɓa kan itacen, kada kuma a yanka lokacin fure da 'ya'ya.

Inda dajin ya ƙare ƙurmus, nan ne ake dashe. A nan ma zaɓen wuri ya fi komai. Bahar Maliya a gaɓarmu ba ta cika ta janye da yawa a kullum kamar sauran tekuna, amma ruwanta yakan hau a hunturu ya sauka a watannin zafi. Filin da kuka gani da ruwa a Janairu yana iya zama busasshiyar ƙasa mai farin gishiri a Agusta. Saboda haka ku je ku ga wurin a lokutan biyu kafin ku yanke shawara. Ku kafa sanda a gindin shura mai lafiya mafi kusa, ku auna inda ruwa ke kai mata, ku nemi wuri mai irin wannan zurfi. Idan ya fi zurfi, tsiron zai nutse, gansakuka ta naɗe shi. Idan ya fi tudu, gishiri zai ƙone shi.

Ɗan shura ya kai girman kan babban yatsa, yana da fatar waje mai laushi. A tsinci waɗanda suka faɗo da kansu ko suka cire da taɓawa kaɗan, a zubar da masu huji. Ba iri ba ne da ake ajiyewa kamar dawa. Idan ya bushe ya mutu, don haka a shuka shi cikin 'yan kwanaki. A jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan teku da aka sirka da na daɗi, fatar za ta saɓule da kanta. Wanda aka shuka da fatarsa yakan yi fumfuna ya ruɓe. A cika leda mai tsawon santimita 20 da lakar gaɓa haɗe da yashi, a huda gindinta, a soka kashi ɗaya cikin uku na irin, ɓangaren saiwa a ƙasa. Kada a binne shi duka. A yi masa rumfa ta wata ɗaya, a shayar da shi kullum, sannan a riƙa janye inuwar ana ƙara ruwan teku a abin shayarwa don ya saba. Idan ya kai santimita 30 da ganye 6 zuwa 8, a dasa shi lokacin sanyi, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A tsaga ledar da reza a cire ta a hankali, ƙasar ta tafi da saiwarta, ledar kuma a dawo da ita gida. Duk mako biyu a zaga a cire gansakuka da shara, a maye gurbin wanda ya mutu.

Gona ita ce sauran rabin aikin

In babu abincin dabbobi a tudu, raƙumi zai koma teku ko an yi shinge. Nan ne noma ya shigo.

Noman Tokar ya dogara da ambaliyar koramar da ake kira Kor Baraka, wadda ke saukowa daga tsaunukan Iritiriya tsakanin Yuli da Satumba. Wata shekara ta zo kaɗan, wata shekara ta zo da ɓarna, kamar a Agustan 2024 da ruwa ya mamaye garin Tokar, watan da madatsar Arba'at mai shayar da Bur Sudan ta fashe. Manomin da ya zuba duk gonarsa a auduga ko dawa kaɗai, shekara ɗaya ta ishe shi faɗuwa.

Ga misalin mai fadan 5, kowane fadan murabba'in mita 4,200. Inda ruwa ya daɗe laka ta kwanta, fadan 2 na dawa. Inda yashi ya fi yawa ruwa bai jima ba, fadan 1 na gero, domin ya fi jure ƙishi. Fadan 1 na wake ko lubiya: abinci ga gida, harawa ga dabba, ƙarfi ga ƙasa. Rabin fadan na abu sab'in, dawar ciyawa da ake yanka bayan kimanin kwana 70. Kada a ba dabba ita tana ƙarama ko ƙishi ya kama ta, tana da guba a wannan lokaci. Sauran rabin kuɓewa da kankana da tumatir, na kasuwar Bur Sudan. Ku sauya wannan rabo gwargwadon ƙasarku, amma kada harawa ta fita daga lissafi. A gefen gona a sa kurna da aduwa da goruba su tare iskar ƙura. Furen kurna kuma abincin zuma ne ga mai amya.

Kafin shuka, a gwada iri. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana 5. In 16 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. In ba su kai 12 ba, a nemi wani, domin danshin ambaliya ba ya jiran shuka ta biyu.

Sai miskit, ƙayar nan da aka shigo da ita Sudan a 1917 ta cinye gonaki da yawa a Tokar. Sare shi a sama ƙara masa ƙarfi ne. A tona a yanke kututturen kamar santimita 30 a ƙarƙashin ƙasa, a shuka wurin nan da nan. Itacensa a yi gawayi da shi, buhu ɗaya na gawayin miskit shura ce aka bari a tsaye. 'Ya'yansa a niƙa su lukui kafin a ba dabba, in ba haka ba ƙwayar za ta fita a kashi ta tsira ko'ina, kuma kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na abincinta, yawansu yana lalata haƙora da muƙamuƙi.

Aikin wannan mako: kowa ya zana gonarsa a takarda, ya rubuta sunan abin da zai shuka a kowane ɓangare da yawan fadansa. Masu zama kusa da teku su je kurmin shura, su auna taku 10 tsawo da taku 10 faɗi, su ƙirga ƙananan tsiron da ke ciki, su kawo adadin aji ranar Asabar.