Yadda na fitar da motarmu daga rairayin Tenere

Tsakanin Agadas da Fachi, a hamadar Tenere ta Nijar, da rana tsaka, Land Cruiser ɗinmu ta kafe har cikinta ya zauna a ƙasa. Laifina ne, na yi ta taka totur tayoyi suna haƙa wa kansu rami.

Na kashe inji muka jira la'asar, don yashi in ya ɗau zafi sai ya ƙara laushi. Na rage iskar tayoyin huɗu fiye da rabi, suka baje kamar tafin raƙumi. Kwashe yashin ƙarƙashin motar da shebur shi ya ci mana rai. Muka cusa farantan ƙarfe biyu a gaban tayoyin baya, na miƙe sitiyari, na ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Sai ga ta ta hau.

Ban tsaya ba sai a ƙasa mai tauri. Yaron mota ya biyo ni da farantan a ka, yana ta mita.