Kada ka sa hannu a kwafin gwaji kana tsaye

Na gaji da ganin ƙannenmu a Kumasi suna karɓar kwafin gwaji na littattafansu, wato wanda ake dubawa kafin a buga sauran, a maɗaba'un unguwar Asafo, su shafa bango, su ce "ya yi kyau", su sa hannu. Da zarar inji ya tashi, kuskure ɗaya ya haihu ɗari biyar.

Abin da ya taɓa ƙona ni shi ne haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. A kwamfutata komai lafiya lau. Na kai rubutun a Word, yaron da ke tsara shafuka, wanda ba ya jin Hausa, ya canza salon haruffa. Ƙugiyoyin suka koma 'yan akwatuna, shi kuma da kyakkyawar niyya ya cike gurbinsu da b, d, k. "Baƙi sun cika ɗaki" ya zama "baki sun cika daki". Na leƙa kwafin a bakin ƙofa ina sauri, ban lura ba. Kunnenmu na Zango ma ba ya taimako, yawancinmu ƙasa da kasa duk ɗaya muke furtawa, ido kuwa abin da baki ya saba yake gani. Sau biyu na biya kuɗin takarda. Tun ranar PDF kaɗai nake kaiwa, in tafi da kwafin gida ya kwana biyu, in bi shi layi-layi da rula, ina karantawa a bayyane.

Ku kuma masu saka ayoyi da hadisai, ku ji tsoron Allah! Manhajar da ba ta san rubutun dama zuwa hagu ba tana wargaza Larabci, haruffa su rabu, jimla ta juye. Kun taɓa zama kun gwada da Mus'hafi? Ni mahaddaci nake kai wa, ya bi wasali ɗaya-ɗaya, kafin in sa hannu.

Sauran ƙanana ne. Lambobin shafi su dace da jerin abubuwan da ke ciki. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, wadda ake karɓa a ɗakin karatu na George Padmore a Accra, ta zama ɗaya a ciki da bayan bango. Duba sunanka ma, a nan ido ya fi tsallakewa.

Gyara kuwa da jan biro a kan takardar, kada ka tura saƙon murya ta WhatsApp. In sun ce sun gyara, ka ce su sake fitar maka da wani kwafin, ka gani da idonka.