Yadda ake riƙe karen Azawak ba tare da an ɓata da maƙwabta ba

Duk wanda na ga karen Azawak ya gagare shi, kuskurensa ɗaya ne: ya ɗauka kare ne na ɗaurewa da sarƙa a ƙofar gida ya riƙa haushi. Wannan karen Abzinawa ne, sunansa ma daga yankin Azawak ya samo shi, can arewacin Tawa a ƙasar Nijar, ta wajen Abalak da Cintabaraden har cikin Mali. A can aikinsa korar zomo da barewa, da gadin tanti da dabbobi. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne kawai, duk ƙafa ne da ƙirji. Idan ba ka da filin da za ka kai shi ya yi gudu kullum, ka tsaya nan, ka nemi wani karen.

Da farko, ɗauki kwikwiyo mai sati takwas, kuma ka ga uwarsa da idonka. Babba kada ka karɓa ko kyauta ne, domin irin karen nan mutum ɗaya yake kamawa a zuciyarsa, baƙo kuwa kallon zargi yake masa. Saboda wannan halin, kafin ya cika wata huɗu ka saba masa da duk abin da zai rayu da shi: yara, ƙarar babur, baƙin da ke sallama, sannan awaki da kaji. Ka riƙe maganar awaki, za mu dawo kanta.

Allura ba sai na tsaya dogon bayani ba. Ta farko tsakanin sati shida da takwas, saboda cutar zawayin jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, a maimaita bayan kowane sati uku ko huɗu har ya kai wata huɗu. Ta haukan kare idan ya cika wata uku, sai sabuntawa duk shekara. A Najeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa wannan allurar, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, wurare da yawa kan yi ta kyauta. Amma kada ka bar kare ba rigakafi wata da watanni don jiran kyauta.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma inda mafi yawa ke faɗuwa: koya masa dawowa idan an kira. Nawa yana wata bakwai, a tsakar gida ko tari na yi sai ya zo, sai na ɗauka an gama. Bayan an cire amfanin gona na kai shi bayan gari na kwance igiya. Bai yi minti biyar ba ya hango ɗan akuya ya zabura daga gindin kalgo. Na yi fito, na yi ihu, na kira sunansa har muryata ta dishe. Kafin in isa an gama. Sai da muka zauna gaban mai unguwa na biya, kuma har yau mai akuyar gaisuwarmu iyakar baki ce.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne, wannan kare da ido yake farauta, ba da hanci ba. Duk abin da ya motsa da gudu nama ne a wurinsa, kuma da zarar ya ɗauki gudu kunnensa ya toshe. Zuwansa a tsakar gida ba shaida ba ce, tunda babu abin da ke janye masa hankali a can.

Ga yadda na sake ginin daga tushe. Nemi igiya doguwa, mita 10 zuwa 15. Ta ɗaure kaya ta kasuwa ma ta isa, ba sai ka kashe kuɗi kan ta kanti ba. Abin wuyan ya zama na fata mai faɗi, ka matse shi daidai, don kansa siriri ne, yana zame sakakken abin wuya kamar an shafa masa mai. Zuba gutsattsarin busasshiyar hanta a aljihu. Zaɓi fito iri ɗaya, kada ka canza shi. Ka yi fiton sau ɗaya. In ya zo, hanta nan take, in bai zo ba, jawo igiyar a hankali har ya iso, sannan ka ba shi. A fara a gida, a koma fili a wajen gida, sannan kusa da garken awaki, yana kan igiya. Ka koyi karanta jikinsa: kafin ya zabura yakan sandare, wuya ya miƙe, ido ya kafe wuri ɗaya. A wannan daƙiƙar ake yin fito, ba bayan ya tashi ba.

Abu biyu ne na hana kaina. Ba na kiransa don in doke shi, ko ya yi ɓarna, domin kare mai zuciya ne, duka ɗaya sai ya yi mako yana kauce maka. Kuma ba na bin sa da gudu. Wa zai kamo abin da ke cin zomo a tsere? In ya ƙi zuwa, juya baya ka nufi wani wajen, shi zai biyo ka. Ni wata huɗu na yi a kan igiya kafin in sake kwance shi, kuma har gobe ba na sakinsa kusa da titi ko garken da bai sani ba.

Gudun kansa da sassafe ko bayan la'asar, awa guda a rana. Kafin ya shekara kada ka sa shi bin babur ko doguwar farauta, ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Abinci sau biyu a rana: tuwon gero ko na masara da nono, da nama ko ƙwai ko kifi. Ragowar miya ban yarda da ita ba saboda albasa, tana lalata musu jini, dafaffen ƙashin kaza ma ban yarda da shi ba. Kada ya yi gudu da cikakken ciki, masu zurfin ƙirji cikinsu kan murɗe. Mutane za su ce kana horar da shi da yunwa don sun ga haƙarƙari da ƙashin ƙugu a waje. Ƙyale su, haka halittarsa take.

Zafi ba ya damunsa, amma ba shi da kitse ko gashin kirki, saboda haka da hunturu ka shimfiɗa masa buhu da tsohon bargo a inda iska ba ta bugawa. Da damina duba kunne da tsakanin yatsu kullum saboda kaska. Maganin tsutsar ciki duk wata uku. In ya yi rauni a daji, wanke da ruwan gishiri ka kai shi wurin likitan dabbobi, kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane.