Yadda za ka kalli fim ɗin baƙi daga sama ka gano tsoron masu shi

Shekaranjiya da dare a Garwa ta Kamaru muna shan shayi ƙofar gida, ƙanena ya kunna mana fim a waya, irin wanda halittu ke saukowa daga wata duniya su babbake gari, sai ya ce wai Yaya, Turawan nan ba su da aikin yi ne? Na ce suna da shi mana, tsoronsu ne suke ɗinka wa riga. Ga yadda nake kallo.

Kafin ka danna, duba shekarar da aka yi labarin. Marubucin Ingila H.G. Wells ya fitar da littafinsa The War of the Worlds a 1898, lokacin Ingila na haɗiye ƙasashen mutane, shi kuwa ya juya abin, ya sa halittun Mars suka sauka kusa da Landan da makamin da ba a san maganinsa ba, har ya tuna wa Turawa kisan da suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya. Mu kam wannan ba sai an yi mana tafinta ba, a 1900 ne fa Faransawa suka kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, a Kuseri.

Sai ka lura ta ina baƙon ya shigo. In da jirgi da wuta ne, tsoron yaƙi ne, wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi taɓa ni shi ne mai ɗaukar siffar maƙwabcinka, fuska tasa murya tasa, kun gaisa ya amsa lafiya lau amma wallahi ba shi ba ne, kamar Invasion of the Body Snatchers na 1956, zamanin yaƙin cacar baka da Amurkawa ke zargin juna da kwaminisanci. Duk wanda ya shiga kasuwar Marwa bayan bama-baman 2015 ya san wannan kallon, kowa na duba rigar na kusa da shi.

Kar ka tsaya kan dodon kawai, duba wa aka mayar mugu cikin mutanen. A District 9 na 2009 baƙin ne aka killace a unguwar kwano a Johannesburg, hannunka mai sanda kan wariyar launin fata, amma kuma 'yan Najeriya aka sa su zama 'yan daba, har gwamnatin Najeriya ta nemi a daina nuna shi.

Ƙanen nawa dai ya mayar da fim ɗin farko yana neman shekara, caji ya ƙare.