Yadda ƙungiyar sa kai mai gyaran maƙabarta za ta nemi tallafi da inshora a Ingila

Kafin a sayi ko da fartanya ɗaya, wajibi ne ƙungiya ta gano wanda ya mallaki maƙabartar da wanda doka ta ɗora wa kula da ita, domin sau da yawa waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Wata maƙabartar ta ƙaramar hukuma ce, wata ta coci, wata kuma ta kamfani ko ta wata al'ummar addini. Idan harabar cocin Ingila ce da aka rufe binne mutane a cikinta, sashe na 215 na Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972 ya ba majalisar cocin damar miƙa nauyin kula da wurin ga majalisar ƙauye ko ta gari bayan sanarwar wata uku, majalisar ƙauyen ko ta garin ma tana iya tura shi ga majalisar gunduma cikin wannan wa'adi. Filin dai yana nan a hannun coci, don haka manyan gyare-gyare suna bukatar izininta.

Da zarar an san mai wuri, sai a nemi rubutacciyar yarjejeniya da shi wadda za ta fayyace ayyukan da aka yarda 'yan sa kai su yi, da waɗanda aka hana su, da kuma wanda zai sa ido a kansu. Wannan takarda ita ce ginshiƙin maganar inshora. Idan hukumar ce ke tsara aikin, ta raba kayan aiki, ta riƙe sunayen masu zuwa, mai yiwuwa inshorarta ta haɗa da su. Amma idan ƙungiyar ce ke cin gashin kanta, sai ta yanki tata. Kada a wadatu da kalmar baka daga wani kansila, komai kirkinsa. A nemi akawun majalisa ya tambayi kamfanin inshorar, ya kawo amsar a rubuce.

Inshorar da aka fi bukata ita ce mai biyan diyya idan aikin ƙungiya ya jikkata wani ko ya lalata dukiyarsa, misali injin yankan ciyawa ya cilla tsakuwa ta fasa gilashin mota, ko mai ziyara ya yi tuntuɓe da kayan aikin da aka bari a kan hanya. Hukumomi da yawa suna neman kariyar fam miliyan 5. Ita wannan ba lalle ta biya ɗan sa kai da ya ji wa kansa ciwo ba, saboda haka a tambayi inshorar haɗari ta daban, a kuma duba iyakar shekarunta da kyau, tunda galibin masu wannan hidima dattawa ne da suka yi ritaya. Ƙungiyar da ta ɗauki ma'aikaci mai albashi kuwa, dokar 1969 ta tilasta mata inshorar ma'aikata ta akalla fam miliyan 5. A karanta sharuɗɗan sosai, domin hawa tsani da aiki da zarto mai inji na cikin abubuwan da akan cire daga inshora. Duwatsun kaburbura kuma yawanci na iyalan mamatan ne; wanda ya karkace a sanar da mai maƙabarta, kada a taɓa shi.

Batun kuɗi ya fi sauƙi. Sashe na 214 na dokar 1972 ya ba hukumomin da ke da alhakin binne mamata ikon tallafa wa wanda ke kula da maƙabartar da za a iya binne mazauna yankinsu a cikinta, kuma ambaton wannan sashe a takardar nema yana taimakon akawun da ke shakkar ko majalisa tana da hurumi. Za a bukaci kundin tsarin ƙungiya, da asusun banki da sunanta mai masu sa hannu biyu, da ƙiyasin kuɗi dalla-dalla wanda kuɗin inshorar kansa yake ciki. Shekarar kuɗin hukumomi tana farawa ranar 1 ga Afrilu, kuma ana tsara kasafi watanni kafin nan, don haka gara a miƙa takarda tun Oktoba ko Nuwamba. A ganina, neman kuɗin abu takamaimai, kamar gyaran ƙofa ko sayen amalanke, ya fi karɓuwa a kan roƙon taimako gaba ɗaya.

A adana rasit na duk abin da aka saya, tare da rajistar masu zuwa aiki da littafin rubuta haɗurra. Idan ƙungiyar ta agaji ce kuma kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara, sai ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji.