Yadda na gyara muryar masoya a wasanmu

Duk lokacin da saurayi da budurwa suka matso kusa a dandamali, sai muryarsu ta koma kamar daga cikin rijiya, barkwancin ya ɓace. Na canza batirin makirufon da kowannensu ke sanye da shi, na canza tashar da yake aika sauti, shiru. Ashe kowane makirufo yana ɗaukar muryoyin biyu, ɗaya a makare kaɗan, sai sautin ya riƙa cinye juna.

Na sa alama a takardar wasan duk inda suke haɗuwa. Da ya rage taku ɗaya tsakaninsu, sai in sauke sautin makirufon saurayin gaba ɗaya, in bar na budurwar ya ɗauke su duka, in ƙara masa desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti). Suna rabuwa in mayar. Alhamdulillahi, kuma na gode wa 'yan wasa da suka jure maimaitawa.